Ramin Gabas da Amsoshi Huɗu

Litinin, da hantsi

Manaja ya kira ni ofis. Ya ba ni kujera, abin da bai saba yi ba, nan na san maganar ba ta tsaye ba ce. Ya ce kamfani ya yanke shawara: daga ƙarshen wata babu wanda zai ƙara riƙe ma'aikata a fili sai mai takardar shaidar gudanar da ayyuka. An daɗe ana faɗa, shi ya sa tun bara na shiga kwas ɗin yamma. Amma da ana faɗa ne ana dariya. Yanzu an sa rana. In na ci jarrabawar, in koma kan mutanena mu ƙarasa shimfiɗa bututun ruwa. In na faɗi, in miƙa makullin kwantena in tafi gida renon jikoki.

"Baba, ba ni ba ne," in ji shi. "Bayan abin da ya faru, masu inshora sun sa mu a gaba."

Na ce na sani. Ya ce kafin nan kada in je fili, in zauna gida in yi karatu. Hutu ya kira shi.

Tun ina da baƙin gemu nake haƙa rami ina binne bututu, ban taɓa rubuta abin da ke raina a littafi ba. Malamin kwas ne ya ce kowa ya riƙa rubuta abin da ya karanta kullum. To ga shi. Yau ban karanta komai ba.

Talata, bayan azahar

Tsohuwa ta sauke keken ɗinkinta daga kan tebur ta ba ni wurin. Tun tana amarya nake kiranta Tsohuwa tana hana ni, har Allah ya kawo ranar da sunan ya cim mata.

"Ga tebur, ɗan makaranta. In saya maka jakar goyo?"

"Ki saya mini ƙwaƙwalwa, in kin samu a kasuwa."

"Ta sa'o'inka ta ƙare, sai gwanjo."

Littafin ya kai bulo nauyi. Ga yadda jarrabawar take, in ji Malam: a zaunar da kai gaban kwamfuta tun safe har rana ta take, tambaya na bin tambaya. Kowace da amsoshi huɗu, duk huɗun sun yi kama da gaskiya. A tatsuniyoyin kakata 'yan'uwa uku ake aikawa daji, tun ba a fara ba ka san ƙaramin ne zai dawo da abin kirki. Nan huɗu ne, kuma babu ƙarami a cikinsu.

Yawancin tambayoyin da magana ɗaya suke ƙarewa: me manajan aiki zai fara yi? Malam ya ce duk amsar da ta yi gaggawa, a guje ta. Ka duba, ka auna, ka kai wa kwamitin sauye-sauye, ka jira su amince. Ba a taɓa tsarin aiki da ka.

Wannan darasin na iya shi. Na fi kowa iya shi a ajin.

Alhamis, da yamma

Ashe Alhamis ce. Ban lura ba sai da na rubuta sunanta.

Na karanta babin masu ruwa da tsaki. Na kai ƙarshen shafi na koma farko, kamar akuyar da aka ɗaure a turke.

Asabar, bayan la'asar

Na je asibiti. Dogo, mai haɗa mini bututu, yana gadon ƙarshe kusa da taga. Gadon ya yi masa kaɗan, kamar kowane gado. Daga ƙirji zuwa ƙasa an rufe shi da farin zane, an ɗaga zanen da wani ƙarfe don kada ya taɓa shi. Ban tambayi abin da ke ƙarƙashi ba.

"Baba, an ce an mai da kai firamare."

"An mai da ni."

"Ai gemu ba ya hana ilimi."

"Ba ya hanawa, tare rubutu kawai yake yi."

Ya fara dariya, ya tsaya a tsakiya, ya jira ta wuce.

Matarsa ta tashi ta ba ni kujerarta. "Sannu da zuwa, Baba. Ya Mama?" Na ce tana gaishe su. Ta jingina da bango tana ɓare lemo, wanda na ga tun daga ƙofa ba zai sha ba.

Ya ga takardun gwaji a aljihuna ya ce in kawo ya yi mini tambaya. Yana karantawa a hankali, yana bin layi da yatsa. Wai ma'aikata biyu suna rigima kullum, aiki yana tsayawa, me manaja zai fara yi.

"Ya zaunar da su ya ji ta bakin kowa," na ce.

Ya duba bayan takarda. "Ka ci. Amma kai ba haka kake yi ba. Kai diga ɗaya kake ba su, ka ce su yi ta karɓa-karɓa har su shirya."

"Wannan ba ya cikin huɗun."

"Ka ci abin nan, Baba. In aka kawo mana wani, ina zai san mai tsoron tsani, ina zai san mai ƙaryar ciwon baya?"

Bai ɗauko wata magana ba. Ni ma ban ɗauko ba.

Lahadi, da sassafe

An yi ruwa. Yau ƙasa za ta yi gumi.

Talata, da hantsi

Na yi jarrabawar gwaji ta farko a wayar Tsohuwa, tawa rubutunta ƙanana ne. Ban kai ba. Ban yi nisa da kaiwa ba, amma wanda ya faɗa rijiya daga baki da wanda ya faɗa daga nesa duk ruwa ɗaya suka sha.

Lissafin kwanakin aiki bai ba ni wuya ba. Wane aiki ne in ya makara komai ya makara, wannan a jikina yake, sunansa kawai na koya. Inda na zube wuri ɗaya ne. Duk tambayar da ta ce kana tsakiyar aiki sai ka lura ana bukatar wani abu da ba ya cikin tsari, me za ka fara yi. Na san amsar. Ina ganinta, tana kallona. A kai wa kwamiti, a jira. Yatsana ya je kusa da ita ya tsaya, kamar jaki a bakin gada. Sai in tsallake in ce zan dawo. Lokaci ya ƙare ban dawo ba.

Irin waɗannan suna da yawa. In ban amsa su ba, makulli ya tafi.

Laraba, bayan azahar

Mutum biyu daga kwamitin bincike suka zo har gida. Tsohuwa ta fito da kofunan baƙi. Masu ladabi ne, sun cire takalma tun ba a ce ba.

Sun tambayi yaushe na lura, na faɗa. Sun tambayi ko katakon tokare gefen rami yana cikin tsarin farko, na ce babu, a takarda ƙasar wurin mai tauri ce. Sun tambayi ko na nemi a kawo, na ce na nema, da safen Alhamis ɗin da ramin ya zube, ta hanyar da aka shimfiɗa. Sun tambayi yaushe kwamitin sauye-sauye yake zama, na ce Juma'a. Babban ya gyaɗa kai ya ce madalla, an bi ƙa'ida ke nan. Ƙaramin ya rubuta.

Akwai tambayar da ba su yi ba. Na jira ta har suka mai da takalmansu.

Da suka tafi Tsohuwa ta ce, "Ba ka sha shayinka ba."

Na ce ya yi sanyi. Ta ce ai da zafinsa aka kawo.

Alhamis, da yamma

Babin haɗari. Wai kowane haɗari a ba shi mai shi, mutum ɗaya da sunansa, don kada a ce na kowa ne.

"Baba, ƙasar nan tana gumi." Haka kawai Dogo ya ce da ni a ranar. Da murya irin ta mai cewa shayi ya yi zaƙi.

Zan ci gaba gobe.

Juma'a, bayan an tashi daga aji

Ajinmu a saman wani shagon sayar da taya yake. Fanka ɗaya, allo fari, kujerun roba. Yawancinsu sa'o'in 'ya'yana ne, masu aikin banki da na kwamfuta, suna ce mini Baba, suna bar mini kujerar gaba saboda idanu. Malam ma yaro ne a wurina, amma ya san abinsa, kuma ba ya wulaƙanta tambaya.

Yau ya ga sakamakon gwajina ya ce, "Baba, waɗannan ai kyauta ce ka bari. Da kai ne ke amsa su kafin in rufe baki."

Sai na ɗaga hannu, ni da furfurata, kamar mai neman izinin fita. Na ce wani abokina ne. A ce yana da mutane a cikin rami, sai gefen ramin ya fara tsattsafo da ruwa. Katakon tokara ba ya cikin tsari. Ya kai magana sama yadda littafi ya ce. Kwamiti ba zai zauna ba sai gobe, aiki kuma ya riga ya makara. Me zai fara yi?

Bai yi ko tunani ba. "Ya fitar da mutane. Nan take."

Na ce ba tare da kwamiti ba?

"Baba, kwamiti na katako ne, ko a saya ko kada a saya. Tsayar da aiki kuwa ba ya neman izinin kowa in akwai rai a ciki. Littafin ma haka ya ce. Yana cikin babin haɗari, can wajen ƙarshe."

Wata mai aikin banki ta ce ai wannan ko ba littafi. Wani ya taɓa ta da gwiwar hannu. Ashe labari ya iso har saman shagon taya.

Malam ya goge allon da babu rubutu a kai. Ya ce mu buɗe babi na gaba.

Asabar, da hantsi

Na duba. Yana nan. Layi biyu ne. An ja musu layi da jan biro, kuma a gidan nan ni kaɗai nake da jan biro.

Asabar, da yamma

Kakata tana da wata tatsuniya ta kazar da ta je koyon tafiya a wurin zabuwa, don 'yan tsaki sun fara yi mata dariya wai tafiyarta ta tsufa. Ta koya, ta iya, har ta fi zabuwar. Ran nan shaho ya sauko. Na manta yadda aka ƙare. Kullum kafin nan barci yake ɗauke ni.

Da can, kafin kwas, ko inuwar tsaga na gani a gefen rami, ihu ɗaya nake yi kowa ya fito. An sha kai ƙarata ofis a kan haka. Tsohon nan yana tsayar da aiki da ka, ba ya bin tsari, na da ne. Tun bara ba a ƙara kai ƙarata ba. Manaja har yabo na ya yi a taro.

Ba karatu ba ne wannan. Malam cewa ya yi a rubuta abin da aka karanta.

Litinin, bayan la'asar

Na je asibiti, wani ne a gadon kusa da taga. An mai da Dogo ɗakin da ba a shiga sai mutum ɗaya, da riga ta musamman. Matarsa tana zaune a benci a baranda, da ledar kaya a cinya.

"Zazzaɓi ne ya shiga, Baba. Sun ce daga ƙafar."

"Allah ya sauwaƙe, 'yata."

"Amin. Jiya ya tambaye ka. Ya ce wai ka haddace?"

Na ce ina kai.

"Ya ce in gaya maka kada ka ba shi kunya, ya riga ya yi wa masu jinya alfahari."

Na zauna a ɗaya gefen bencin. Masu shara suka zo, muka ɗaga ƙafa, suka wuce, muka sauke.

Talata

Gwaji na biyu. Ban kai ba.

Laraba, da azahar

Manaja ya bugo. Ya ce rahoton bincike ya fito, babu laifin kowa, ƙasa ce ta saɓa wa abin da aka auna. Ya ce in kwantar da hankalina, saura jarrabawa kawai. Muryarsa kamar ta wanda aka sauke wa kaya. Ba mugu ba ne. Shi ma yana da na sama da shi.

Na ce na gode.

Babu laifin kowa. Na faɗa wa Tsohuwa, ta ci gaba da sa zare a allura, ba ta ɗago ba. Ta ce, "To." Shekarun da muka yi tare sun isa in san nau'o'in "to" ɗinta. Wannan ban taɓa jin sa ba.

Alhamis, da yamma

Ban yi karatu ba. Mun kai Dogo maƙabarta, mun dawo. Ƙasar wurin ja ce, mai daɗin haƙa. An ba shi tsawo yadda ya kamata. Gefen bai zube ba.

Asabar

Ba komai.

Lahadi

Ba komai. Littafi yana kan tebur.

Litinin, da hantsi

Tsohuwa ta yaye labule ta tsaya a kaina.

"Tashi."

"Na tashi tun ɗazu."

"Idonka ne ya tashi. Jarrabawa jibi ce."

Na ce a bar su su karɓi makullinsu. Na ce wataƙila gara haka.

"Gara wa? In ka faɗi ba zai dawo ba. In ka ci ma ba zai dawo ba. Amma sauran suna nan, kuma Litinin mai zuwa za a sa su cikin ramin nan, ko da kai ko ba kai." Ta ajiye mini wayarta a ƙirji. "Ni kuma ba zan iya da kai a gida ba. Kwana nawa ka yi, har ka gyara mini famfon da bai lalace ba."

Na zauna na yi gwaji na uku tana ɗinki a ƙasa, keken a kan akwati. Da na zo irin waɗancan tambayoyin sai in karanta da ƙarfi, ita ta ce, "Danna." In danna. Ba ta san amsar ba, ba ta ma saurara. Danna kawai take cewa, kamar mai kora akuya.

Na kai. Da ƙyar, kamar mai tsallake kwata da buhu a ka.

Talata, da yamma

Na goge tabarau. Na fitar da katin shaida na ajiye kan littafi. Malam ya ce ranar jajibiri kada a yi karatu, ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan umarnin bai ba ni wuya ba.

Laraba, bayan la'asar

Wurin jarrabawar hawa na uku ne a wani dogon gini. An karɓe agogo, waya, har hankici, aka sa a akwatin ƙarfe. Matar da ke tsaron ɗakin ta ce in juya aljihuna, ta ɗaga tabarauna sama ta duba.

"Yi haƙuri, Baba, ƙa'ida ce."

Na ce ai ni mai bin ƙa'ida ne.

Kowa da ɗan akurkinsa, katako dama, katako hagu. Sanyin na'ura kamar ɗakin ajiye magani. Ba ka jin komai sai ƙas-ƙas na yatsu.

Suka fara zuwa. Mai kaya ya makara, me za ka fara yi. Mai aikin ya canza ra'ayi, me za ka fara yi. A duba, a auna, a kai wa kwamiti. Na danna. Na sake dannawa. Hannuna bai yi gardama ba, ni ma na yi mamakinsa.

Can wajen tsakiya ta zo. Ba rami ba ne, tsani ne a wani gini, wani ma'aikaci ya ce yana girgiza, aiki kuma ya makara. Amsoshi huɗu. Wannan karon akwai ƙarami a cikinsu, yana zaune a fili, ko yaro zai nuna shi. Irin tambayar da ake sawa don kowa ya samu maki.

Na danna. Bai ɗauke ni ƙiftawar ido ba. Iya abin da ake bukata ke nan, ƙiftawar ido.

Na daɗe a zaune ban wuce ta gaba ba, har matar ta zo ta tsaya bayana ta yi raɗa, ko lafiya. Na ce lafiya, ina hutar da ido.

Da na gama, allon ya yi fari, ya yi tunaninsa, sannan ya taya ni murna. Na ci. Har da rara.

Manaja ya bugo kafin in sauka daga bene. Da na isa gida Tsohuwa ta ce "To," irin wadda na sani.

Litinin, da hantsi, a fili

An kawo katako, lodi guda, sabo, yana ƙamshi. Kwamiti ya amince tun Juma'ar da ta biyo bayan ranar. An jibge shi a bakin ramin gabas, inda jan ƙyallen da aka kewaye wurin da shi ya fara koɗewa.

Mutanena suka taru suka yi mini barka, kowa da hular kwanonsa a hannu. Ba a yi hayaniya ba. Na ce yau babu mai shiga sai an tokare kowane taku, kuma ni zan fara sauka. Kowa ya sa hularsa.

Muna cikin sauke katako sai mai gadi ya ce ana sallama. Matar Dogo ce, ta zo karɓar kayansa. Na buɗe kwantena da makullina. Takalman aiki, kwanon abinci, rigar ruwa, da wani ƙaramin rediyo da ba ya kama komai sai an ɗaga shi sama, shi kaɗai yake iyawa. Na sa mata a buhu. Ta ƙi a ɗaukar mata.

A bakin ƙofa ta tsaya ta dubi katakon, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta juyo.

"An ce ka ci jarrabawa, Baba."

"Na ci, 'yata."

"Barka. Da ya ji daɗi." Ta gyara buhun a kafaɗa. Babu komai a muryarta, na nema ban samu ba. "Yanzu ka iya aikin ke nan."

Na ce Allah ya sa.

Ta tafi. Na sa hulata na ce a miƙo tsani.